Faifan Dogo Mai Rijiya

A shagon Bappa Gidado, can Jekadafari,
inda rediyoyi ke kwance ciki a buɗe kamar an feɗe su,
akwai wani baƙin faifai mai ɓantalallen gefe.
Wani Bature ɗan Holan ya bar shi,
mai haƙa rijiyar burtsatse, Dogo muke ce masa.
Da shi ya biya kuɗin gyaran fanka.

Ranar da Nepa ta yi mana kara
Bappa ya hure allura, ya ɗora.

Sarewa ce ta fara leƙowa,
kamar ta makiyayin da dare ya yi wa a hanyar Dukku.
Sai ogan ya shigo da takun coci,
yana ta hawa bene, bai isa ko'ina ba.
Kafin in saba da shi
jita ta kurma ihu, ganga ta ɓata lissafi:
na ƙirga huɗu, ta miƙo mini bakwai.

Na ce, Bappa, yaushe za a fara waƙar?
Ya ce, ai har ta yi nisa, kai ne ba ka hau ba.
Minti ashirin babu wanda ya ce uffan
sai wani ƙato da ya rangaɗa guɗa da maƙogwaro.
Muka tuntsire, har mai shayi ya leƙo.

In ji Dogo, in ji Bappa,
samari ne na ƙasar da teku ya fi ta tsawo.
Sun tashi da kiɗan kakanni na kan takarda,
sun sha jaz ɗin baƙaƙen Amurka a rediyon dare,
sun saci kallon Ingila,
sun ga yadda jita ke wuta a hannun 'yan Indunusiya
da jirgin ruwa ya sauke musu.
Suka juye duka a tukunya ɗaya
ba su tambayi kowa gishiri ba.

Can tsakiya Bappa ya ɗaga yatsa.
Saurari ta ƙasan nan, mai tafiyar raƙumi.
Wannan na san ta.
Daga nan aka tafi da ita, ba da son ranta ba.
Ga ta ta dawo da kwat, tana yi kamar ba ta gane ni ba.

Shekara tara ke nan da muka kai Bappa.
Shagon ya koma na cajin waya.
Faifan yana wurina, garmahon ya bi 'yan gwangwan.
Wani dare nakan sa farce a layinsa,
in juya a hankali,
in kai kunne.
Har yanzu huɗu nake ƙirgawa.