Daƙiƙa Arba'in da Biyar

Daga nan fitilun Duba kamar garwashi suke
wanda aka zubar a gindin duwatsu aka tafi.
Mu muna kan ruwa, wata na uku,
jirginmu ɗaure da ƙasan Bahar Maliya
da bututu guda, mita dubu da ɗoriya,
har bakin rijiyar da ban taɓa gani ba
sai a allo, cikin hasken da muka aika mata,
wani farin kifi na shawagi a kanta.

Aikina shi ne in iya rabuwa.
Albashina na abin da ba a so in yi ne.
Akwai jan maɓalli ƙarƙashin murfin gilashi,
duk Talata in goge shi,
in auna ƙarfin da ke ajiye a tulunan ƙarfe,
in rubuta lafiya lau,
in sa hannu: Junaidu.
Injiniya Mish'al kan ce mini mai gadin wuƙa.

A allon akwai da'ira biyu.
Rawaya na cewa shirya.
Ja kuwa ta riga ta gama magana.

Daren Laraba iskar arewa ta taso.
Injina biyu suka mutu lokaci guda,
shayi ya malale kan takardun kyaftin,
jirgin da ke tsaye kamar an kafa shi
ya soma ja da baya, sannu sannu,
irin na akuya mai gwada turke.
Ɗigon da yake mu ne ya taɓa rawaya.
Na ɗaga murfi.

Sai ga kakata Ladiyo a idona,
ungozomar mutanenmu a Jidda,
wadda ta ƙetaro daga Sawakin tana goye,
Hausarta ta tsufa a bakinta ba ta ruɓe ba.
Na taɓa leƙen ta ina ɗan shekara shida,
zare a haƙori, reza a ruwan zafi,
tana faɗa wa mai riƙe mata fitila:
ɗaure nan, ɗaure can,
sannan ki yanke tsakani.
Mai yanka ba ɗauri ba gwana ba ce,
mai jinkiri kuma ta fi ta ɓarna.

Ɗigo ya shiga ja.
Kyaftin bai ɗaga murya ba, ya ce yanzu.
Na danna.

Ba a jin komai daga sama.
Can ƙasa, inda rana ba ta da labari,
muƙamuƙin ƙarfe ya datse bututu kamar kara,
ƙofa ta rufe wa rijiya baki,
wata ta rufe namu,
ƙugiyoyi suka saki juna.
Ni ina ƙirga da leɓe,
na ɓata lissafi a talatin da ɗaya,
na koma salati.
Fitilu suka koma kore, ɗaya, ɗaya,
ta ƙarshen ta ɗan yi nawa.
Jirgi ya yi sama kaɗan
kamar wanda aka sauke wa kaya.

Ba wanda ya tafa.
Mish'al ya dafa kafaɗata ya wuce lissafin asara:
mako uku kafin a sake haɗawa,
da mutanen ofis masu tambayar
ko da an ƙara jira minti ɗaya.

Da asuba iska ta kwanta.
Na fita bakin ƙarfe na duba ruwa,
ba ko ɗigon mai,
shuɗi kawai, da kumfa.
Kwalekwalen masuntan Duba sun fito,
wani ya ɗago mana hannu,
bai san komai ba, kuma haka ake so.

Na kira Rumaisa a Yanbu.
Ta ce yaron ya yi haƙori, ya aiki?
Na ce lafiya lau,
na mayar da waya hannun hagu
don na daman bai daina rawa ba.