Kogin da Ba a Ajiyewa

Ƙarfe biyun dare a Kusiri.
Fanka tana juyi kamar wadda aka tilasta wa,
shayin Mato ya huce a gefen allo,
ni kuwa ina gadin kogin da ba ya jiƙa ƙafa.

Can wata ƙasa mai sanyi, a ɗakin da ban taɓa takawa ba,
kwamfutoci dubu sun fito gayya,
kowacce an yanka mata kunyarta.
Wannan ta riƙe gaɓar Logon daga Yagwa,
waccan ba ta san komai ba a duniya
sai ɗan fegin laka da ciyawa a bayan madatsar Maga.
Suna lissafa daminar da ba ta zo ba tukuna.

Tun farko aka gaya mini: rumbu ba zai ɗauka ba.
Abin da suke haifa kafin ki ƙifta ido
ya fi duk takardun da garinku ya taɓa rubutawa.
In kin jira a tashi daga aiki,
sai ki tarar da ƙaiƙayi, tsabar ta bi iska.
Ki duba tun yana gudu.
Ki ɗebi abin da za ki ɗiba, saura ya wuce ke nan.

Ban yi mamaki ba.
Kakata Tasalla ba ta taɓa zuba kogi a randa ba.
Da asuba takan sauka mashaya, ta cika tafi ɗaya,
ta dubi launi, ta shinshina, ta watsar,
ta ce da masu kwalekwale:
bana ku ɗaure can sama.

Ni ma tafina ke nan, allo mai faɗin faifai.
Na ba zurfi shuɗi, na ba gudu ja,
na bar tudu da launin ƙasa.
Ruwan alƙaluma yana rarrafe kamar ɗan da ya ga nono.

Sai ga ja a inda bai kamata ba,
ruwa yana hawa tudu a bayan kasuwar kifi.
Na ce, kai, ƙarya kake,
ko a lissafi ruwa gangare ya sani.
Na tsai da gayyar, na bi sawu,
ashe ɗigo ne guda na ajiye a gurbin da ba nasa ba.
Da barci na yi, da kwana uku na aikin injuna
sun tafi renon kuskurena.

Na gyara, na sake su.
Ruwan ya sauko, ya yi ladabi, ya bi hanyarsa,
ya yi kwana a hankali
ya shiga unguwar da Kawu Gambo yake gina ɗakin tsufansa.
Na sake bin sawu.
Sau uku na bi.
Wannan karon babu ɗigon da ya ɓata.

Nan aka ɗauke wuta.

Mato yana jan igiyar janareta yana tsaki,
ni ina zaune cikin duhu, na san kogin bai tsaya ba,
yana can yana gudu babu mai shaida.
Minti goma sha tara.
Da allo ya farfaɗo, ruwan ya riga ya fara janyewa,
ban ga iyakar da ya kai a bangon ba.

Da gari ya waye na sauka bakin Logon na gaskiya,
na cika tafi, na duba, ban iya karatun Kaka ba.
Hotuna bakwai ne a jakata.
Kawu kuwa jiya ya sayi siminti buhu ashirin,
kuma mutum ne da ba ya son a yi masa magana kafin ya karya kumallo.