Gara

Ɗakin yana Mabera, bayan wani kemis,
fanka ɗaya mai kuka, kujerun roba biyar.
Na zo da takardar kotu ƙulle a haɓar zane,
na zo da labarin da nake ba kowa:
ni ce wadda aure ya fi ƙarfinta,
tulun da ya je rafi ya dawo da tsaga.

Malama Sahura ba ta ce in yi haƙuri ba.
Shekara tara ina haɗiyarsa
har ya fito a awon jinina.
Ta ce, "Luba, abin ga da ka hana miki kwana,
da baƙo na, mi as sunanai?"

Na dubi rufi, na daɗe.
Na ce Gara.
Don ba wanda ya ji shigowarta.
Sahabi bai taɓa dukana ba,
shiru yake yi, wata uku, wata biyar,
ya ci tuwona kamar mai biyan tara,
ita kuwa tana cikin azara tana aiki,
waje sumul, ciki gari.

"To ke daban, Gara daban," in ji ta.
"Wace rana ta neme ki ba ta same ki ba?"
Na ce babu.
Ta yi shiru, amma ba irin nasa ba,
nata shirun yana da wurin zama.

Sai damina ta faɗo mini,
daren da ruwa ya shigo har ƙarƙashin gado,
na aza kan keken ɗinki a kaina, Rumasa'u a baya,
na ratsa har gidan Inna Tumba, ruwa iya gwiwa.
Da gari ya waye na ɗinka rigunan makaranta bakwai.
Ban taɓa ba kowa wannan ba.
Ban ɗauka labari ne ba.

Ta rubuta, ta karanta mini da sunana a ciki.
Kulu mai awara, da ke kujerar gefe,
ta share ido da mayafi, ta ce
ita ma tana da wani dare irin wannan, ta manta inda ta ajiye shi.

Talata za mu koma gaban alƙali.
Sadakin da zan mayar yana cikin gwangwanin madara,
allura ce ta tara shi, naira bisa naira.
Ban san abin da za a yanke ba.
Gara ma ba ta mutu ba,
ina jin ta wani lokaci bayan la'asar,
sai dai yanzu na san muryarta, ba tawa ba ce.

Jiya na yi barci har ladan ya riga ni.
Na ci masa huɗu, na nemi ƙari.
Da dare Rumasa'u ta ce in yi mata tatsuniya,
na ce ga ta nan, ga ta nanku,
ta ce ta zo mu ji ta,
sai na fara daga inda ruwa ya kai gwiwa.