Ƙyalle Biyu a Bakin Kogin Negro

Lahadin ƙarshen Oktoba a Paso de los Toros,
kogi ya cika, iska na wasa da tutoci a kan gada.
Eulogia Fagúndez ta iso tun ba a buɗe makaranta ba,
fulas a hammata, ƙoƙon shayin mate a hannu.
Shekara tamanin da ɗaya, gwiwa na kuka,
amma kujerar wakiliyar jam'iyya ba ta bar wa kowa ba.

Kakan kakanta farin ƙyalle ya ɗaura a goshi,
ya ɗauki mashi, ya fita, bai dawo ba.
Kakan kakan Anselmo ja ya ɗaura.
Wa ya sani ko mashin wannan ne ya sha jinin wancan?
Ƙasa ta rufe su, ciyawa ta rufe ƙasa,
shanu suka yi kiwo a kai shekara ɗari da ɗoriya.

Abin da ya rage: launi biyu da tebur ɗaya.

Shekara arba'in suna zama fuska da fuska,
tana ƙirga, yana ƙirga, ba mai yarda da lissafin wani.
"Sake buɗe ambulan ɗin nan, farar kura!"
"Sa tabarau, jan wuya, idonka ya gaji."
Sai ta miƙa masa ƙoƙo, ya zuƙa, ya maido mata.
Harshe da haƙori ma sukan saɓa,
amma a baki ɗaya suke kwana.

Da soja suka garƙame majalisa,
suka ce jam'iyya ta mutu, a yi mata sutura,
Eulogia ta farke katifa ta cusa littafin sunaye.
Shekara goma sha ɗaya tana kwana
a kan mutum ɗari uku da goma sha huɗu.
Anselmo a buhun fulawa ya ɓoye nasa, bayan tanderun burodi.
Ya san nata, ta san nasa.
Ba wanda ya yi tari.
Ranar da aka tambayi jama'a suka ce a'a,
fari da ja sun bi layi ɗaya ba su gaisa ba,
ƙuri'unsu ne suka gaisa a cikin akwati.

Bara aka raka Anselmo makwancinsa.
Yau kan kujerarsa wani yaro ne, Nahuel, ido a kan waya,
a kujera ta uku kuwa, da tuta mai launi uku,
jikarta ce Yamila, wadda ta yaye da hannunta,
wadda ta girma ta ce: "Kaka, naku ya tsufa."
"Tsohuwar rijiya ce," in ji ta, "ba a tofa mata yawu.
Je ki haƙa taki, mu ga ko za ta kai rani."

Da dare aka zazzage akwati.
Takarda kan takarda, tsibi uku suna tashi.
Fari ya sha ƙasa da ƙuri'a bakwai.
Eulogia ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.
Ta ce a sake. Aka sake.
Bakwai ɗin nan dai.
Ta jawo takardar sakamako ta sa hannu,
harafi bayan harafi, alƙalami bai yi rawa ba.
Abin da mashi bai taɓa koya ba ke nan.

A waje ganguna, ƙahon motoci, ihun samari.
Yamila ta tsaya, ta rasa inda za ta ajiye idonta.
Tsohuwa ta tsiyaye ruwan ƙarshe a ƙoƙo ta miƙa mata:
"Sha. Ya huce, ya yi ɗaci, amma sha.
Shekara biyar kamar gobe ce.
Da safe ki zo ki taya ni sauke tutocinmu daga gada,
a ninke su da kyau,
kada asu ya ci."