Kujera Ɗaya

A Ƙofar Marusa, bayan rumfar masu walda,
Baba Jatau ya daina karɓar aikin gado da kabad.
Shekara uku yana sassaƙa wani abu
da 'yan unguwa suka raɗa wa suna makara mai fiffike.

Ba inji, ba fanka, ba ɗigon mai.
"To, me zai ɗaga shi?" in ji Barmo mai shayi.
Baba ya nuna shirwa can saman mahauta,
tana kewaye da azahar, ko motsa gashi ba ta yi:
"Tambaye ta nawa take sayen lita."

Ni ke riƙe masa bakin awo.
Ƙafa arba'in da tara, daga wannan tsini zuwa wancan.
Haƙarƙari sittin da huɗu na falanki siriri,
kowanne sai ya hau sikelin mai nama.
Wanda ya ɗara ɗan'uwansa nauyi
ya koma hannuna, in goge har magariba.

Gam ya cinye mana fatar yatsu.
Damina ta lanƙwasa ƙashin bayan farko,
muka faskara shi, Inna ta dafa wake da shi.
Baba ya ci, ya ƙara, bai ce uffan ba.

Da muka ja yadi, muka shafe shi sau biyar,
ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya amsa kamar kalangu.
Sai muka ɗora jirgin bisa taɓarya, neman cibiyarsa.
Baba ya shiga, kafaɗa ta ƙi wucewa.
"Kuluwa, gwada mu gani."
Na zauna. Hanci da wutsiya suka daidaita.
Nan na tuna igiyar da yake ɗora mini a kafaɗa
yana cewa wasa ne,
tun shekarar da yana ta fara rufe masa ido.

Gasa saura wata biyu.
Jiya, a faƙon da ke hanyar Jibiya,
tsohuwar Fijo ta ja mu da gudu,
na saki igiya, duniya ta yi tsit.
Zafin ƙasa ya tallabe ni kamar tafin hannu,
gonakin gero suka koma facin zane,
shirwa ta harare ni, ta matsa.

Da na sauka na iske shi ya karkata kunne sama.
Bai tambaye ni abin da na gani ba.
Ya ce, "Na hagun yana fito.
Gobe ki zo da wuri, akwai guga."