Katangar Tunau

Ruwan daren Talata ya ci katangar gabas.
Da safe na iske Baba Tunau tsugune a gindinta
yana murza ɓaraguzai a tafin hannu
kamar mai neman tsaba cikin dusa.
Shekara bakwai ke nan da idonsa ya tafi,
yatsun dai ba su manta ba:
"Jar ƙasar bakin gulbi ce wannan.
Ni na kwaɓa ta, shekarar da aka yaye ka."

Na ce, Baba, ga siminti a mota,
daga Kwatano na ɗauko, biyar zan saya ciki.
Ya share zancen. Ya ce, "Kai da ka sha hanya,
da me mutane ke rufa wa kansu asiri?"

Na ce, kusa da teku na ga gari bisa ruwa,
turaku cikin laka, gora da tukurwa a ɗaure,
yaro in ya fito ƙofa sai kwalekwale.
Ya yi dariya har da tari:
"Su kam gara ba ta san unguwarsu ba."

Na ce, a Bilma, da na kai gero,
da dunƙulen ƙasar gishiri suke ta da ɗaki.
"To, Allah sa kada hadari ya tuna da su."

Wata Buzuwa kuma, a hanyar Agadas,
a gabana ta kwance gidanta kaf,
tabarmin kaba, sanduna, igiya,
ta ɗora wa jakai biyu kafin shayina ya huce.
An ce ɗakin nata ne, mijin baƙo ne a ciki.

Nan ya daɗe bai ce komai ba.
Wata akuya ta haura ta inda katangar ta faɗi.

"Mu a Bagalam," in ji shi, "tubali muka iske,
mai ciki kamar ƙwai, a jera shi kai sama.
Azara sai giginyar da ta tsufa a tsaye.
Makuba kuwa, uwarka ke jiƙa mini ita a tulu,
ɗoyinta ya kori baƙi kwana uku,
amma bangon da ya sha ta, ruwa sai dai ya gaishe shi.
Wannan shekara huɗu ban shafe ta ba.
Laifina ne, kada ka zagi ƙasa.
Kwanon da ka rufa wa ɗakinka fa?
Da bazara tanda, da damina ganga."

Yaron mota na ta danna oda a bakin titi.
Na cire takalmi, na naɗe wando,
na shiga kwaɓin har idon sawu.
Sanyinsa ya hau ni kamar tsohuwar gaisuwa.

Baba ya karkato kunne wajen ƙafafuna,
yana sauraron yadda lakar ke tsotsa tana saki.
"Ba ta yi ba," ya ce.
"Ƙara ciyawa. Kuma daina sauri."