Kujerar Dama

Asabar a Porto, ruwa ya ɗauke.
Abílio ya wangale ƙofofin tsohuwar tasi,
ya tsoma tsumma a ruwan sabulu mai ɗumi.

Kujerar baya ta ɗauki kowa:
ƙarnin masunta, jan-bakin 'yan biki,
gumin mashaya a daren São João.
Ya cuɗe ta tas, ya bi ta da mai
da tafin hannu, sannu-sannu,
fata na sha kamar ƙasa a ruwan farko.

Sai kujerar dama.
Ga tabon gahawa can gefe,
ranar da ya taka birki, Graciete ta tuntsire da dariya.
Bana shekara huɗu da rufe ta.

Ya zagaye tabon da mai,
bai taɓa shi ba.
Ya tura ƙofa, ba ƙara.